Aji ko Gareji: Gardamar Kawunnai Biyu a Kan Yaron Seru

Yaron ɗan shekara goma sha biyar ne, daga wani ƙauye a gundumar Seru, ɗaya daga cikin gundumomi 12 na ƙaramar hukumar Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin. Ya maimaita aji biyu na sakandare, ya sake faɗuwa. Babu wanda ya kore shi, shi ma bai taɓa buɗe baki ya ce ya daina ba. Da fashin ranar kasuwa ya fara, sannan ya haɗa da washegarinta, har aka wayi gari littattafansa sun yi wata biyu a jaka ba a taɓa su ba. Abin da ya tayar wa uwarsa da hankali shi ne labarin da ya zo mata cewa ya yi magana da wani dillali mai kai samari gonakin jihar Oyo a Najeriya, inda yaro ke noma shekara guda a sallame shi da sabon babur. Sai ta sa shi a mota zuwa Paraku wurin 'yan'uwanta maza biyu, ta ce su san yadda za su yi da shi.

Ina zaune a zaurensu a unguwar Zango daren da suka yi maganar, domin ƙaramin cikinsu aminina ne. Babban cikinsu malamin firamare ne da ya kusa ajiye alli, ƙaramin kuma bakanike, yana da garejin babura a bakin titi. Yaron na tsugune a ƙofa, kansa a ƙasa, yana murza igiyar silifas ɗinsa da ta tsinke.

"Yaya, bar mini shi," in ji bakaniken. "Shekara uku, zai ci da kansa, har ya aika wa uwarsa."

"Zai ci da kansa," malamin ya amsa. "To ranar da aka miƙo masa takarda aka ce ya sa hannu, wa zai karanta masa?"

Sun kai tsakar dare. Tun daga ranar nake juya maganar a raina, domin gardamar da aka yi a wannan zaure ita ce ƙasar gaba ɗaya ke yi. Gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau a 2016, ta ɗaura aniyar cewa nan da 2030 kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban gaba da matakin farko su kasance a makarantun fasaha da koyon sana'a, ta kuma sanar da shirin makarantun fasahar noma guda 30. Wannan juyin waina ne a ƙasar da tun zamanin Dahomey ake yi wa kirari da yawan 'yan boko.

Hujjar bakaniken ta fi ƙarfi fiye da yadda masu takardu ke son yarda. Abu na farko da ya ce shi ne yayansa na gardama a kan zaɓin da babu shi. Yaron ya riga ya bar aji da zuciyarsa, gangar jiki kawai ta rage. Abin da ke gabansa yanzu gareji ne ko hanya: hanyar Oyo, ko ta sayar da man bumburutu da ake kira kpayo a cikin kwalabe, ko wadda ta bi ta Agadas ta nufi Libiya, wadda samarin Jugu da yawa suka bi. Gabas da yamma da tsallaken arewa duk akwai mai kiransa. A dazuzzukan Alibori da Atakora kuma, inda hare-haren 'yan bindiga suka yawaita a 'yan shekarun nan, akwai masu kiran da suka fi kowa sanin darajar saurayin da ba shi da abin yi, yana kuma jin an raina shi.

Ya kuma ce makarantar ce ta fara sakin yaron. A 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin firamare, azuzuwa suka cika maƙil, abin alheri ne. Amma yaron da ya tashi da harshen Yom ko Lokpa ko Dendi ko Fulatanci, ranar farko da ya shiga aji da Faransanci ake tarbarsa, harshen da ko a kasuwa ba ya ji. Wanda ya kama a shekara biyun farko ya tsira. Wanda bai kama ba haka za a yi ta tura shi gaba yana kwafar allo kamar mai zanen hula, har ya ci karo da jarrabawar CEP ta gama firamare, in ya tsallake da ƙyar ta BEPC na jiransa a sakandare. Shekara takwas yaro yana jin ana kiransa daƙiƙi. Ni da idona na ga abin da ke faruwa idan irin wannan yaro ya kwance kafireto a karon farko, ya wanke, ya mayar, ya buga babur ya tashi. Ya kan ɗago kai ya dubi mutane ido cikin ido. Wannan ɗago kan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu darasin ɗabi'a da ke saya wa yaro shi.

Sannan ga maganar aiki. Jami'ar Paraku tana yaye ɗalibai tun bayan buɗe ta a 2001, gwamnati kuwa ba ta da kujerun da za ta zaunar da su duka. Mafi yawan mutanen ƙasar da hannunsu suke ci, a gona da kasuwa da rumfar sana'a. Duk mai hawa zemijan, wato kabu-kabu, a Paraku ya taɓa jin direba na ba shi labarin digirinsa da ke cikin akwati. Bakaniken ya ce shi bai taɓa ganin ƙwararren mai walda yana yawon neman aiki da ambulan a hammata ba. Har tarihi ya jawo: Jugu da kakanninmu fatake ke kira Zugu zango ce a hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, kuma duk wanda ya zama madugu a wannan hanya da bin madugu ya koya, yana ɗaurin kaya yana kiwon jakuna. Maƙera da masaƙa da dukawa duk haka suka gaji abinsu.

Malamin bai musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambaya ya yi: 'ya'yan wa ake cewa su je gareji? Ya ce ka duba duk masu yabon sana'ar hannu a rediyo, ka tambayi inda nasu 'ya'yan suke. Wannan tsoro nasa yana da tushe. A shekarun 1930, zamanin gwamna Jules Brévié, Faransa ta cika yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma da makarantun karkara inda yara ke wuni a gonar makaranta, an rage musu karatu da sunan an daidaita ilimi da rayuwarsu. Iyaye sun gane cewa rufe wa 'ya'yansu ƙofar ofis ake yi, suka ƙi abin, bayan yaƙin duniya na biyu aka watsar da shi. A 1975 gwamnatin Mathieu Kérékou ta zo da tsarin sabuwar makaranta, inda kowace makaranta za ta zama wurin samar da amfani, da gona da kiwo. Shi malamin yana yaro a lokacin, ya ce abin da ya fi tunawa shi ne fartanya. Mutumin da ya ga haka, in aka ce masa ɗan talakan Seru ya bar aji ya kama guduma, dole ya ji tsohon ciwo ya motsa.

Daga nan ya juya kan garejin ƙaninsa, a nan ne kuma zauren ya yi tsit. Ya ce faɗa mini gaskiya, yaron da aka kawo maka, me yake yi a shekarar farko? Shara, ɗiban ruwa, sayen abinci, wanke kayan matar maigida. Iyaye su biya kuɗin shiga, su ci gaba da ciyar da shi, shi kuwa ba shi da ko sisi sai abin da mai babur ya ga dama ya miƙa masa. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara koyon sana'a, amma kowa na ganin 'yan shekara tara da goma baƙi ƙirin da baƙin mai a bakin titi. Akwai maigidan da ke ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya tashi ya buɗe rumfa kusa da shi. Akwai mai duka da bel ɗin inji. Idan wa'adi ya cika kuma sai bikin yaye, wanda a nan ake kira liberasiyon, da jerin kayan da maigida zai rubuto: kuɗi, lemo, atamfa, abinci, wani har da dabba. Yara nawa ne suka ƙware amma suka ƙara shekara biyu suna yi wa maigida aikin banza saboda iyayensu ba su iya haɗa kayan yaye ba? 'Yan mata kuwa kusan ƙofa biyu kawai ake nuna musu, ɗinki da gyaran gashi, har unguwa ɗaya ta tara shaguna fiye da kawunan da za a yi wa kitso.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini. Sana'a tana mutuwa, in ji shi, karatu ba ya mutuwa. A ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya ya ce an cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki farashin kpayo ya yi tsalle, masu teburin kwalabe da direbobin zemijan suka ji a jikinsu. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe gadar Malanbil, manyan motocin da ke bi ta Paraku zuwa Nijar suka tsaya cik, tare da su aikin masu faci da masu walda da masu abinci na tasha ya tsaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bakanike ya jawo, babu kuma wanda ya iya hangowa. Gobe baburan da ba su da kafireto za su cika gari, masu kwamfuta a ciki da masu batir. Wanda ya koyi aiki da ido da kunne kawai, ranar da injin ya canza ya koma ɗan koyo yana da shekara arba'in. Wanda ya iya karanta littafin injin zai bi shi duk inda ya juya.

Bincike ya ba shi gaskiya a nan. Masanan tattalin arziki Eric Hanushek da Ludger Woessmann da abokan aikinsu sun wallafa a 2017 cewa a ƙasashe masu arziki da suka duba, masu ilimin sana'a sun fi saurin samun aiki a ƙuruciya, amma da shekaru suka ja sai masu ilimin gama-gari su kamo su, har su wuce, domin sun fi iya sauya hannu. A Gana kuma, da aka bi diddigin matasan da gwamnati ta saka a shirin koyon sana'a na ƙasa, an ga cewa jim kaɗan bayan sun gama kuɗin da suke samu bai fi na waɗanda ba a saka ba, ya ma yi ƙasa. Waɗanda suka ci riba su ne waɗanda suka faɗa hannun iyayengida ƙwararru masu ciniki.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mabuɗin maganar a wurina. Mukan yi gardama kamar sana'a wani magani ne da ake ɗura wa yaro, alhali kuwa mutum ake miƙa wa yaron. Abin da zai zama ya rataya a kan wannan mutumin. Masu ba da misali da Suwizalan, inda kusan biyu cikin uku na matasa ke shiga koyon sana'a, sukan manta da cewa yaron can sai ya gama karatun dole kaf kafin ya shiga, ana biyansa albashi tun yana koyo, yana komawa aji kwana ɗaya ko biyu a mako, maigidansa sai da aka horar da shi kan koyarwa, kuma akwai gadar da zai bi ya shiga babbar makaranta in ya so. In ka cire waɗannan duka ka bar gareji kawai, abin da ya rage wani abu ne daban.

Akwai kuma ɓangaren da duka kawunnan biyu suka taɓa ba tare da sun kira sunansa ba, wato gina halin yaron. Yaron da ke janye jiki daga makaranta ba ilimin lissafi kaɗai ya rasa ba. Ya rasa tashi a kan lokaci, ya rasa haƙurin gama abin da ya fara, ya rasa yarda cewa gobe tana da alaƙa da abin da ya yi yau. Wasu na ganin koyar da irin wannan surutun ƙungiyoyi ne na cin kuɗin Turawa, yaro ya zauna a zaure ana ce masa ya yarda da kansa alhali cikinsa na kuka. Ina fahimtar wannan zargi, na ga tarurrukan da suka cancance shi. Amma an gwada abin an auna. A Lome, nan maƙwabta, an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 kashi uku: wasu aka koya musu lissafin ciniki irin na littafi, wasu aka horar da su kan zage damtse da hangen matsala da neman sabuwar dabara, wasu aka bar su haka. Cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta masu lissafin littafi kuwa ba ta motsa yadda za a dogara da ita ba. A Monrobiya ta Laberiya an ɗauki samari 999 na kan titi, masu sata da sayar da ƙwaya, aka yi wa wasu zaman mako takwas na koyon danne fushi da tsara rayuwa, aka haɗa musu da dala 200. Shekara goma bayan haka har yanzu laifukansu sun yi ƙasa sosai da na 'yan'uwansu. A Yuganda ƙungiyar BRAC ta haɗa wa 'yan mata koyon sana'a da darussan rayuwa a kulob na unguwa, bayan shekara huɗu ɗaukar ciki a ƙuruciya ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. Waɗancan na Lome manya ne, na Monrobiya ma sun girmi yaronmu, don haka ba zan ce a ɗauko sakamakon a manna wa Seru ba. Abin da suka nuna dai shi ne hali abu ne da ake koyarwa. Mu da muke da kalmar tarbiyya bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba.

Benin ba ta rasa tsari a takarda ba. Tun 2005 doka ta kafa takardun shaida biyu don 'yan koyo. Ta farko CQP, inda yaro ke yin mafi yawan lokacinsa a rumfar maigida, yana zuwa cibiya don darasi, asusun FODEFCA na ɗaukar mafi yawan kuɗin. Ta biyu CQM, jarrabawar aikin hannu da aka fara gudanarwa a 2013 don takardar hukuma ta maye gurbin ta maigida, a huta da nauyin liberasiyon. Tunani ne mai kyau. Matsalar CQP ita ce ƙofarta ƙarama ce, kuma ana shiga ne ta jarrabawar da ke buƙatar Faransanci, wato ainihin abin da ya kori yaron daga aji shi ke tsaye a bakin ƙofar. CQM kuwa tana auna hannu, ba ta ƙara wa yaro karatu. Abin da ya fi kusa da cike wannan giɓi shi ne cibiyoyin Barka da aka fara a jihar Borgu a 2011 da tallafin Suwizalan, daga baya aka kai Alibori. Suna karɓar yara 'yan shekara 9 zuwa 15 da suka bar makaranta ko ba su taɓa shiga ba, su fara da harshen uwa sannan su shigo da Faransanci, a haɗa da sanin makamar sana'o'i, cikin shekara huɗu yaro ya iya zama jarrabawar CEP. Ina ganin irin wannan ya fi cancantar kuɗin gwamnati fiye da ƙaton gini mai injuna da ɗan ƙauye ba zai taɓa samun makin shiga ba.

Wani abu kuma da kawunnan biyu suka tsallake, duk da cewa 'yan asalin can ne: sana'ar Seru noma ce. Doya, kashu, kaɗanya, waken suya. A 2024 gwamnati ta hana fitar da ɗanyen kashu da waken suya domin a sarrafa su a gida, amma manyan masana'antun suna Glo-Djigbé can kudu kusa da Kwatano. Cibiyar Songhaï, wadda Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, ya kafa a Porto-Novo a 1985, tana da reshe a Paraku, ta kuma daɗe tana nuna cewa noma da kiwo da sarrafa amfani sana'a ce da ake koya kamar kanikanci. Yaron da zai tafi Oyo ya yi wa wani noma shekara guda don babur ba noma yake gudu ba. Noman da babu kuɗi a hannu a ƙarshensa yake gudu.

In aka tilasta mini in zaɓa, ina bayan bakaniken a kan cewa yaro ɗan sha biyar da ya riga ya juya wa aji baya ba a mayar da shi da bulala, kuma kowane wata da aka ɓata ana lallashi dillalin Oyo ke cin ribarsa. Amma ina bayan malamin a kan sharaɗi: kada a kira shi koyon sana'a sai yaro na karatu da rubutu da lissafi a gefe, da harshen da yake ji in ya kama, sai an san ranar gamawa tun ranar farawa, sai kuma akwai wani babba da ba maigidan ba wanda yaro zai iya kai wa kuka. Ƙungiyoyin masu sana'a na kowace ƙaramar hukuma sun san wane maigida ne ke koyarwa, wane ne ke bautarwa. Hukuma ta biya na farko, ta horar da shi, ta hana na biyu ɗaukar yara. Ga 'yan ƙasa da sha huɗu kuwa babu wata gardama, wurinsu aji ne, in ajin ya gaza a gyara ajin.

A zauren, abin da aka tsayar ya yi kama da haka, ko da yake ba wanda ya ce ya sauka daga ra'ayinsa. Yaron zai yi gareji daga safe zuwa la'asar. Bayan magariba zai zo wurin babban kawunsa. Malamin ya ce ba zai buɗe masa littafin makaranta ba tukuna, ƙaninsa ya kawo masa kundin kayan gyaran babur da tsofaffin rasitai, da su za su fara.

"Ka ji, ɗana?" bakaniken ya tambaye shi.

"Na ji, Kawu."

Bayan wata bakwai na bi ta garejin. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya, littafi mai layi a cinyarsa, yana rubuta bashin wani ɗan zemijan: sunan kaya, kuɗin kaya, kuɗin aiki, abin da aka bayar, abin da ya rage. Rubutun ya karkace, yatsunsa sun bar tambarin baƙin mai a gefen shafin, amma lissafin daidai yake, na duba. Aminina ya ja ni gefe ya ce sau biyu yaron ya yi fashin darasin dare, kuma abokinsa da ya tafi Oyo ya dawo da sallah a kan sabon babur, ledar kujera ma bai cire ba, ya zo har gareji ya yi ta zagaye. Yaron ya bi babur ɗin da ido har ya sha kwana. Saura shekara biyu da wata biyar a yarjejeniyar da aka rubuta, wadda shi da kansa ya karanta kafin ya sa hannu.